Yadda Ake Shirya Wasan Ɓoyayyiyar Kyamara a Sakkwato Ba Tare da An Zubar wa Kowa da Mutunci Ba

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ya ga yadda samarinmu suka rungumi abin da suke kira firank. Waya ɗaya, aboki ɗaya a laɓe bayan kanti, sai a tsorata wani bawan Allah da ya fito neman abincinsa, a ɗora a intanet kafin la'asar. Yawancin waɗannan shafuka ba sa shekara. Ko dai a yi wa ɗan wasan duka, ko maganar ta kai ofishin 'yan sanda, ko mutanen unguwa su daina amsa sallamarsa. Na yi aiki a bayan kyamarar irin wannan shiri, na zauna cikin mota a rufe ina zufa ina jiran wanda zai faɗa tarko, kuma abin da na koya shi ne shirin da ke daɗewa yana rayuwa ne da yardar mutanen da aka yi wa wasan. Wannan jagora don mai son ya yi abin da tsari ne, a nan garin Shehu, inda in ka taɓa mutum ɗaya ka taɓa zuri'a guda.

Da farko, san gidan da za ka shiga

Sana'ar ta girmi kakannin wasunmu. Wani Ba'amurke mai suna Allen Funt ne ya fara ta a rediyo a 1947 da ɓoyayyen makirfo, a 1948 ya mayar da ita talabijin, inda ta shahara da sunan Candid Camera. Bayan rasuwarsa a 1999 ɗansa Peter ya ci gaba da riƙe shirin. Wanda mutanenmu suka fi sani kuwa shi ne Just for Laughs Gags na ƙasar Kanada, da aka fara a 2000, ana ɗaukar mafi yawansa a titunan birnin Mantiriyal. Babu magana a cikinsa, kiɗa ne da motsin jiki da dariya, shi ya sa tsohuwa a unguwar Gidan Igwai za ta kalla ta fahimta kamar yadda mutumin Japan zai fahimta. Ka zauna ka kalli irin waɗannan da idon ɗalibi. Za ka lura kusan kullum ɗan wasan ne ke zama abin dariya, mai wucewa kuwa mamaki kawai yake yi.

Mu ma ba baƙin barkwanci ba ne. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarabawa, ga tashe da yara ke yi in azumi ya kai kwana goma. Sai dai a duk waɗannan, kowane ɓangare ya san ana wasa, ya san iyakarsa, kuma yana da damar ramawa. Mutumin da ka ɗana wa kyamara bai san komai ba. Ka ci bashinsa tun kafin ku gaisa, kuma duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na biyan wannan bashi.

Mataki na 1: rubuta tarkon a takarda

Kada ka fita titi da tunani a ka kawai. Rubuta shi, layi biyar ko shida: me mai wucewa zai gani, me za a roƙe shi ya yi, mene ne abin mamakin, ta yaya za a warware. In ba za ka iya bayyana wasan cikin numfashi ɗaya ba, ya yi tsawo, kuma mutumin da ke sauri zuwa kasuwa ba zai tsaya maka ba.

Ga misali daga abin da muka taɓa yi. Ɗan wasa yana jaye da jar akuya, irin tamu ta Sakkwato, sai ya tsaya kusa da wani shago da aka kafa zana a gefensa. Akuyar ta shige bayan zana, igiya kawai ake gani. Ya roƙi mai wucewa ya riƙe masa igiyar ya shiga ya karɓo canji. Yana shiga, yaronmu da ke ɓoye bayan zana ya kwance akuyar ya ɗaura zakara. Mai riƙon igiya ya ji ta yi sakwaf, ya ja, sai ga zakara ya fito yana taku.

A rubutun farko, mun tsara ɗan wasan ya dawo ya ce, ina akuyata? Wani dattijo cikinmu ya ce sam. Ya ce mu tuna inda muke: da zarar an ji kalmar da ta yi kama da zargin sata a bakin kasuwa, kafin ka ce wasa ne mutum hamsin sun taru, kuma ba a saurarar bayani a irin wannan taro. Sai muka juya abin. Ɗan wasan ya dawo, ya yi godiya sosai, ya sunkuya ya shafa zakaran kamar dama shi ya bari, ya ce, "Allah shi yi albarka Baba, ka ga har ta natsu." Ya ja igiyarsa ya kama hanya. Fuskar mutumin a wannan lokaci, yana duban zakara yana duban hannunsa, ita ce dukan shirin. Ba a zarge shi da komai ba, ba a tsorata shi ba, kuma wanda ya fito kamar marar wayo shi ne ɗan wasanmu.

Saboda haka kowane tarko ka auna shi da tambaya uku. Wa ake yi wa dariya? Mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa in mutumin ya firgita, ya ruga, ko ya kai hannu? In mahaifinka ne ya faɗa ciki, za ka yarda a nuna? Wanda ya faɗi ko da tambaya ɗaya, yage takardar.

Akwai abubuwan da ba ma sai an auna ba. Bindigar roba, wuƙa, kayan soja ko na ɗan sanda, kwaikwayon garkuwa da mutane, maciji ko da na roba ne, gawa, likkafani, aljanu, labarin mutuwa, sakin aure na ƙarya, ihun ɓarawo, da duk abin da ya shafi addini. Jiharmu tana da mutanen da suka baro ƙauyukansu a gabashi, wajen Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. Ba ka san wanda ke tafe a titi ba, ba ka san abin da idonsa ya gani ba. Shigar jami'in tsaro kuwa laifi ne a doka, ko da wasa. A 2023 'yan sanda sun tsare wani sanannen mai irin wannan wasa a Ibadan saboda bidiyon da ya sa ƙaramar yarinya a ciki, har maganar ta kai kotu.

Ɓangaren addini ba abin tsallakewa ba ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya tare da Annabi (SAW), ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Akwai hadisin da ya hana ɗaukar kayan ɗan'uwa da wasa ko da gaske, da wanda ya yi kashedi ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili. Waɗannan nassoshi sun shafi sana'ar kai tsaye, kuma ni a ganina duk mai shiri ya kamata ya ɗauki rubutattun tarkunansa ya kai wa malamin da ya amince da shi, ya karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Abin da malam ya ce a cire, a cire. Za ka ga wasannin da suka rage su ne masu ƙarancin magana, masu dogaro da abin mamaki da ido ke gani, kuma su ne dama suka fi ba da dariya.

Mataki na 2: wuri, lokaci da izini

Je wurin kwana biyu ko uku kafin ɗauka, a daidai lokacin da kake son yin aikin. Zauna wurin mai shayi ka lura. Ta ina rana ke fitowa? Ina mutane ke rage sauri? Akwai injin markaɗe ko janareta kusa da zai cinye sauti? In mutum ya ja da baya a firgice, me ke bayansa: kwata, kaskon mai suya, ko titin da 'yan kabu-kabu ke gudu? Wuri mafi kyau shi ne mai matsakaicin jama'a, inda mutum ɗaya ke wucewa duk bayan minti biyu ko uku. Tsakiyar babbar kasuwa ya yi cunkoso, da ka yi sau biyu kowa ya gane, 'yan kallo su yi da'ira suna nuna motar kyamara. Layukan unguwanni irin su Mabera, Runjin Sambo ko Arkilla, ko gefen 'yar kasuwa, sun fi daɗin aiki.

Ka nisanci ƙofar masallaci, Hubbare, harabar fadar Sarkin Musulmi, maƙabarta, asibiti, banki da rumfar masu POS, makarantar yara, da duk inda jami'an tsaro ke da shinge.

Izini kuwa daga ƙasa ake fara shi. Mai unguwa tukuna, da goronka da bayaninka. In kusa da kasuwa ne, shugabannin 'yan kasuwar wurin. Sannan takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankin, mai ɗauke da rana, wuri, sunayen ma'aikata da bayanin wasan, a buga mata hatimi ka riƙe kwafi a aljihu. Ka sanar da Hisbah ma. Masu shagunan da ke kewaye dole su sani, domin su ne za su fara cewa "wasa na, ku bari" in wani abu ya taso, kuma maganarsu ta fi taka nauyi a wurin. Wanda za ka yi amfani da ƙofar shagonsa ka biya shi, don ka tare masa ciniki.

Sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin aiki. Hazo yana tausasa hasken rana, fuska tana fita ba tare da baƙar inuwa ƙarƙashin hula ba, sai dai ƙura, don haka a riƙa goge gilashin kyamara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kyamara da waya suna kashe kansu a cikin rufaffiyar mota, mutane kuma ransu a kusa yake. In dole ne, a fara ƙarfe 8 a tashi kafin 11. Ban da Juma'a da rana, ban da lokutan salla. Shirin da za a nuna da azumi a ɗauke shi tun Rajab ko Sha'aban; mai azumi da la'asar ba abokin wasa ba ne.

Mataki na 3: mutane da kayan aiki

Mutum shida sun isa, in kowa ya san aikinsa: darakta, masu kyamara biyu, mai sauti, ɗan wasa, da mai karɓar yarda. In tarkon na buƙatar mai musanya kaya kamar yaronmu na bayan zana, ya zama na bakwai. Ka ƙara da mutum ɗaya mai jiki da sanyin hali, ɗan unguwar in da hali, wanda zai tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran wani. Aikinsa shiga tsakani kawai.

Ɗan wasa nagari ba lallai ya zama mai ban dariya a zaure ba. Wanda ake nema shi ne mai iya riƙe fuska, mai ladabin gaisuwa, mai jin Sakkwatanci kamar ruwa, wanda zai iya shan zagi bai rama ba. Kuma ya zama fuskar da ba a sani ba.

Kyamara ɗaya tana ɗaukar fili gaba ɗaya, ta biyu tana kan fuskar wanda aka ɗana wa, da dogon gilashi mai jawo nesa, irin mai milimita 70 zuwa 200, daga tazarar taku ashirin ko talatin. In akwai ƙarama ta uku, a ɓoye ta cikin kwali ko kwandon kaya kusa da wurin. A saita su duka kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba fitilun shaguna za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Mota mai baƙin gilashi tana jawo ido da tambayoyi. Tsohuwar bas mai labule, ko tagar benen wani shago, ta fi.

Sauti ne ke kashe yawancin masu farawa. Ƙaramin makirfo marar waya za a maƙala wa ɗan wasa a ƙirji ta cikin riga. Kada ya sa shadda mai sitati, domin duk motsin da ya yi ƙarar kacau-kacau za ta rufe magana. Yadi mai laushi da ya sha wanki shi ne daidai. A rufe kan makirfon da ɗan soso saboda iskar hunturu. A ɓoye na'urar naɗar sauti ta biyu kusa da inda mutumin zai tsaya, don muryarsa ita ce ake nema. Kafin kowane zagaye, ɗan wasa ya tafa hannu sau ɗaya a inda duk kyamarori ke ganinsa; da wannan tafin mai tacewa zai daidaita hoto da sauti. Darakta yana magana da ɗan wasa ta ɗan abin kunne da hula ko rawani ya rufe, sauran ma'aikata kuma ta oba-oba ko kiran waya da aka bari a buɗe. Batir da katin ajiya a ninka abin da ake zaton za a buƙata. Ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa, da mota mai mai a tanki wadda ba ta cikin aikin ɗauka.

Mataki na 4: ranar ɗauka

Ku gwada wasan sau uku ko huɗu da ɗaya daga cikinku a matsayin mai wucewa, har musanyar ta zama ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Ku amince da alamar tsayawa guda ɗaya, misali ɗan wasa ya cire hularsa, ko darakta ya ce "a sha ruwa". Duk wanda ya ba da alamar, ko mai riƙe da jakar batir ne, an tsaya ke nan, ba gardama.

Darakta ne ke zaɓen wanda za a tara, kuma rabin gwanintarsa sanin wanda za a ƙyale ne. A bar tsoho tukuf, mai ciki, mai ɗauke da jariri ko kaya a ka, mai sauri da takardar asibiti a hannu, mai lalurar gani ko ji ko tafiya, mai taɓin hankali, almajiri da mabaraci. Yaro da bai kai 18 ba a bar shi, sai in da mahaifinsa a wurin kuma da shi aka shirya. Basarake da malami ba a yi musu. Mata kuwa, a garin nan, namiji ba ya tare matar mutane a titi da sunan wasa. In ana son mata a shirin, 'yar wasa mace ce za ta yi, a wurin da mata ke hulɗarsu, mai karɓar yarda ma mace.

Sauran aikin haƙuri ne. Za ka yi awa guda ba wanda ya tsaya. Wani zai riƙe igiyar ya ga zakara ya ɗaga kafaɗa ya miƙa maka abinka ba ko murmushi. Wani tun daga nesa zai ce, "Ku 'yan kyamarag ga na ko?" Ka shirya tarar mutum goma sha biyar ko ashirin in kana son huɗu ko biyar masu kyau. Mutum ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta lambar kowane zagaye, lokaci, kalar rigar mutumin, da ko ya yarda ko bai yarda ba. Wannan littafi zai cece ku ranar tacewa.

Kada a ja wasa. Da mamaki ya bayyana a fuska, an samu abin da ake nema. Daƙiƙa goma da za ka ƙara don neman ƙarin dariya su ne ke mayar da mamaki fushi.

Mataki na 5: warwarewa da neman yarda

Nan ne shirin yake, duk da mai kallo ɗan kaɗan yake gani. Ɗan wasa ya dawo da fara'a, ya rusuna in babba ne, ya nuna kyamara da hannu, yaron bayan zana ya fito da akuyar. Mai karɓar yarda ya iso nan take, ba da takarda a gaba ba, da ruwa mai sanyi da gaisuwa. A ja mutumin gefe, inuwa, nesa da 'yan kallo. A ba shi haƙuri tukuna. A gaya masa sunan shirin, inda za a nuna shi, talabijin ne ko YouTube ko duka, kuma a faɗa masa gaskiya cewa abin da ya hau intanet yana iya kaiwa ko'ina. A nuna masa hoton nasa a allon kyamara ya gani da idonsa. Sannan a tambaye shi.

Takardar ta zama da Hausa, gajera, shafi ɗaya. Yana da kyau a yi ta da boko da ajami, domin dattawa da yawa a nan ajami suka fi karantawa. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaida, ya dangwala yatsa, a kuma ɗauki amincewarsa da bakinsa a kyamara. A rubuta lambar wayar shirin a ba shi kwafi, a ce masa in ya je gida ya canza shawara ya kira. Mace a ba ta kwanaki ta yi shawara da mijinta ko iyayenta, kada a nuna sai ta kira da kanta. Ɗan abin hasafi da za a ba mutum don lokacinsa da aka ci, a ba shi kafin a yi maganar sa hannu, kuma a ba wanda ya ƙi daidai da wanda ya yarda. In ka ɗaura kuɗi a kan sa hannu, talaka zai yarda da abin da ransa bai so ba, wannan kuwa ba yarda ba ce.

Ranar akuya da zakara, wanda ya fi kowa ba mu dariya wani magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu. Da zakaran ya fito, sai ya saki salati, ya leƙa bayan zana, ya dawo ya bi ɗan wasanmu yana cewa, "Kai ɗana, tsaya! Wallahi akuya ta kab ba ni, ba zakara ba!" Mu a cikin mota mun toshe baki da hannu. Da aka warware masa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kalli hoton sau biyu. Sai ya miƙo kyamarar ya ce, "Na yi dariya, kuma na yahe maku. Amma ɗiyata na arme cikin unguwag ga. Ban son surukaina su gan ni ina jayayya da zakara." Mai kyamararmu ya fara roƙo, darakta ya ɗaga masa hannu. A gabansa aka goge, daga kyamara biyun da na'urar sauti. Bayan kamar wata biyu muka koma unguwar da wani wasan, sai ga shi ya zo da kansa ya zauna a shagon da ke kallonmu, yana yi wa maƙwabta alama su yi shiru kada su tona.

Doka ma tana bayan mutumin. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da maganganunsa na waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar janye yardar da ya bayar, ta kuma ce na yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Wasan kiran waya a naɗi muryar mutum a watsa, ka bar shi gaba ɗaya. A Disambar 2012 wasu masu gabatar da shiri a wani gidan rediyo na Ostireliya sun kira wani asibiti a Landan suna kwaikwayon muryar Sarauniyar Ingila, aka watsa ba tare da izinin ma'aikatan jinyar da aka naɗa ba. Bayan 'yan kwanaki wadda ta fara ɗaga wayar ta kashe kanta. Masu kiran ba su nufe ta da sharri ba, amma ba su san nauyin da abin zai yi a zuciyarta ba, kuma ba su tambaya ba.

Mataki na 6: tacewa

Mai tacewa ya fara da littafin nan. Duk zagayen da aka rubuta "bai yarda ba", in ma ya tsira daga gogewa, a share shi kafin a fara komai. Kowane wasa ya buɗe da nuna wa mai kallo yadda aka ɗana tarkon, don daɗin kallon shi ne ka san abin da mai wucewa bai sani ba. Sai mutum uku zuwa biyar, a ajiye mafi kyau a ƙarshe, a rufe da fuskokinsu suna dariya bayan an warware. Minti biyu zuwa uku ya isa.

A dusashe fuskar duk wanda ya fito a baya ba tare da an nemi yardarsa ba, musamman mata da yara, da lambar mota da lambar waya a allon shago. In ashar ya kuɓuce wa mutum, a cire, ko da ya sa hannu. Ba zai so 'ya'yansa su ji ba. Kada a yanko fuskarsa daga wani wuri a manna a wani don a ƙara masa wauta. Kiɗa kuwa a nemi makaɗi a biya shi ya yi na shirin, kalangu ko gurmi ko kuntigi, domin waƙar wani da ka ɗora ba izini za ta sa YouTube ya toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙar. In gidan talabijin za a kai, su ma suna da ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, da za su auna shirin da su, gara ka tambaye su tun kafin ɗauka. Kafin a saki, a nuna wa mutum biyu da ba sa cikin aikin, ɗaya dattijo ɗaya mace, a saurari inda suka ɓata fuska.

Abin da ke zuwa bayan shekara ta farko

Nasara ita ce matsala ta gaba. Da shirin ya karɓu, an san fuskar ɗan wasanku, yara na binsa suna kiran sunan shirin. Allen Funt ya ga ƙarshen wannan a 1969, lokacin da aka karkatar da jirgin saman da yake ciki zuwa Kyuba: wasu fasinjoji da suka gane shi sun ɗauka wasansa ne, suna ta dariya, alhali fashin jirgi ne na gaske. A Sakkwato abin zai zo da wuri, don garin ba shi da girman da mutum zai ɓace a ciki. Saboda haka tun farko ka riƙa renon sababbin 'yan wasa, tsohon ya koma bayan kyamara ko ya zama mai fitowa lokacin warwarewa kawai, inda sanin fuskarsa zai taimaka wajen kwantar da hankali. Ku riƙa zagayawa, unguwa ba ta ganinku sau biyu cikin wata uku, kuma ku fita zuwa Bodinga, Wamakko, Tambuwal ko Gwadabawa, bayan kun tambayi halin hanya kun kuma bi ta hannun masu garin kamar yadda kuka yi a birni.

Za a matsa muku ku ƙara zafi. Masu sharhi za su ce wasan ya yi sanyi, wani shafi ya yi na aljani ya samu masu kallo ninkin naku. A nan ne yawancin shirye-shirye ke karkacewa. Maganinsa zaman rubutu ne duk mako, kowa ya zo da tunani uku, har mai share ofis, a riƙa tara su a littafi ana aunawa da tambayoyin nan uku. Sana'o'in gari cike suke da abin wasa marar cutarwa: mai shayi, mai gyaran takalmi, mai awon hatsi, mai wankin hula.

Takardun yarda a adana su a fayil, kowace da lambar wasan da ranar ɗauka, a kuma ɗauki hotonsu a ajiye a wuri na biyu. Lambar wayar da kuka raba wa mutane ta ci gaba da aiki, wani ya riƙa ɗagawa. Wata rana za a kira a ce yarinyar da ta fito a wasa kaza shekara biyu da suka wuce za ta yi aure, dangin miji sun yi magana. A sauke bidiyon a ranar, daga duk shafukan da kuke da iko da su, sannan a kira a shaida musu an sauke.